Yadda za ku rage sharar gida, ku samu kuɗi a cikinta, ku kuma tsara kwashe ragowar a unguwa

Da zarar an yi ruwan farko na damina asirin kowace unguwa yake tonuwa. Kwata ta cika ta tumbatsa, ledar fiya wata da gorar lemo da famfas ɗin yara duk sun taso suna yawo a kan hanya, ruwa ya rasa inda zai bi sai ya juyo cikin gidajen mutane, ginin ƙasa ya jiƙe tun daga tushe, bayan sati ɗaya ko kwana goma kuma sauro ya ƙyanƙyashe a duk inda ruwan ya kwanta. Sai kowa ya hau zagin gwamnati. To gwamnati da nata laifin kam, babu musu, amma ledar nan da ta toshe kwalbati ai daga gidan wani ta fito, wani ne ya ba yaro ya ce je ka zubar bai tambaye shi ina zai kai ba.

Ni abin da na fahimta shi ne shara ba ta zama masifa sai an cakuɗa ta. Ragowar tuwo shi kaɗai abincin kaji ne, gwangwani shi kaɗai kuɗi ne, toka ita kaɗai ta wanke tukunya ce, amma da zarar an haɗa su a buhu ɗaya an zuba ruwan wanke-wanke a kai an ɗora famfas, shi ke nan komai ya lalace, ba mai saye ba mai taɓawa, sai wari da ƙuda da ɓera. Don haka duk aikin daga tsakar gida yake farawa, kafin a zo maganar mai unguwa ko motar shara.

Mataki na farko: ku tanadi mazubi huɗu

Ba sai kun sayi komai ba dan Allah, kar wani ya ce ai wannan tsarin masu kuɗi ne. Tsohon bokitin fenti mai murfi guda ɗaya, buhun shinkafa ko na siminti guda biyu, sai gwangwanin madara babba ko jarka mai murfi. Shi ke nan.

Bokiti mai murfi na duk abin da yake ruɓewa ne: ɓawon doya da na dankali, na albasa, ganyen da aka gyara, ruɓaɓɓen tumatur, ganyen shayi, ɓawon ƙwai. Buhu na farko na kayan da ake saye ne, wato gwangwani, gora, fasasshiyar roba, ƙarfe, kwali, tsohon silifa. Buhu na biyu na ainihin sharar da ba ta da wani amfani, ita ce za ta tafi bola. Gwangwanin nan mai murfi kuma na kayan haɗari ne, reza, allura, sirinji, batir, fasasshen gilashi, kuma a ɗora shi sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Inda za ku ajiye su ya fi komai muhimmanci. Uwar gida, in bokitin ɓawo yana can bayan gida ke kuma kina fere doya a ƙofar kicin, wallahi ba za ki tashi ba, a ledar da ke kusa da ke za ki zuba. Ki ajiye shi daidai inda kike zama ki yi gyaran kayan miya. Buhun kayan sayarwa kuma a rataye shi a ƙusa a zaure ko ƙarƙashin rumfa inda ruwa ba ya taɓa shi, don jiƙaƙƙen kwali ba mai saye. Sannan a tara yara da 'yar aiki da almajirin gida a nuna musu da hannu, wannan nan, wancan can, sau biyu sau uku, yara sun fi manya saurin kamawa musamman in an ce musu kuɗin gwangwanin nasu ne.

Mataki na biyu: abin da dabba za ta ci kar ya shiga shara

Wannan iyayenmu sun daɗe suna yi, mu ne muka bari. Ragowar shinkafa ko tuwo a shanya a tire ya bushe, ƙanzo ne, ko a jiƙa a yi kwaɗonsa ko a ba kaji, akwai ma masu kiwo da suke saye da kwano. Dusa da ruwan tsari na tumaki da awaki ne. Ɓawon kankana, na ayaba, na doya, ganyen kabeji, duk akuya tana so. In ba ku kiwo to akwai maƙwabciyar da take yi, ki yi mata magana ta riƙa aiko yaro da yamma da roba yana ɗauka, ke kin huta ita ta rage kuɗin harawa. Abu ɗaya dai, abincin da ya yi funfuna kar a ba dabba, wannan sai a kai shi ramin taki.

Kuma a kula kar leda ta bi cikin ɓawon. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mayanka lokacin da mahauci yake farke tumbin saniya ko tunkiyar da ta yi kiwon bola ya ga abin da nake faɗa: sai ya zaro wani dunƙule baƙi ƙirin, leda da igiya da tsumma sun nannaɗe sun cure wuri ɗaya sun yi tauri, wani sai an sa hannu biyu ake ɗaga shi. Dabbar tana ci amma tana ramewa, ciki ya kumbura, mai ita yana ta sayen maganin tsutsa bai san leda ce ta cike mata tumbi ba. Yawanci ledar da aka ƙulla abinci ko mai a ciki aka yar ita suke haɗiya saboda ƙanshin.

Mataki na uku: taki

Nan zan ɗan daɗe don nan ne mafi yawan nauyin sharar gida yake, kuma nan ne wari yake fitowa. Mutanen Kano ba baƙin wannan ba ne, shekara da shekaru manoman ƙauyukan da ke kewaye da birni suna shigowa da jakuna ɗauke da itace su koma da mangalar taki daga cikin gari, abin da ya sa gonakin nan suke bayarwa duk shekara ba hutu ke nan. Har yau ana kai sharar bola gona da tifa, sai dai yanzu rabinta leda ce da gilashi da batir, manomi sai ya bi yana tsincewa, wadda ta tsere masa kuma ta zauna a ƙasa ta hana saiwa tafiya. In kun yi naku takin a gida mai tsafta, ko ku zuba wa zogale da gwanda da ɗan lambun bayan gida, ko ku tara ku kai gona, ko ku sayar wa masu furanni da 'yan lambu.

Ga yadda ake yi in akwai fili. A samu wuri mai inuwa, nesa da rijiya da kyau, a haƙa rami kamar mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, zurfin ya kai gwiwa ko ya ɗan wuce. In damina ce ko ƙasarku tana riƙe ruwa kar ku haƙa, ku tara a sama kawai ku kewaye da tsohon bulo. A shimfiɗa kara ko ƙananan rassa a ƙasa don iska ta riƙa shiga. Sai a zuba busassun abubuwa, ganyen darbejiya ko na mangwaro da aka share, ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, yagaggen kwali marar leda, kaurin kamar tafin hannu biyu. A kai a zuba ɗanyen abin da ke cikin bokitin nan na kicin, kaurin tafin hannu ɗaya. A barbaɗa kashin awaki ko na kaji ko na shanu, a ɗan watsa toka kaɗan, kaɗan fa, in ta yi yawa tana ɓata aikin, sai a rufe da 'yar ƙasa. Haka za a yi ta jerawa, busasshe, ɗanye, kashin dabba, ƙasa, kullum busasshen ya ninka ɗanyen biyu ko uku. Duk ranar da kuka juye bokitin kicin ku rufe shi da busasshen ganye ko ƙasa nan take, wannan rufewar ita ce take hana ƙuda da wari.

Ruwa kuma yayyafawa ake yi ba kwarara ba. Laimar da ake so kamar ta tsakin da aka yayyafa wa ruwa za a turara dambu, in ka dunƙula a hannu ya kama jikinsa amma ruwa ba ya ɗiga. Ruwan ɗaurayar shinkafa ko na wanke ganye ya isa, kar dai a sa mai omo ko bilic. A rufe saman da tsohuwar tabarma ko buhu.

Don ku san ko yana aiki, ku soka sanda a tsakiya ku bar ta. Bayan kwana huɗu ko biyar ku zaro ku taɓa, in kun ji ta da ɗumi to aiki ya kankama. In sanyi ƙalau take kuma a bushe, ruwa ya yi kaɗan ko ɗanyen abu ya yi kaɗan. In kun ga tururuwa sun yi gida a ciki shi ma bushewa ce. In kuma wari ya tashi kamar na masai kuma abin ya yi caɓal, ruwa ne ya yi yawa, a ƙara busasshen ganye a juya. Duk sati biyu a juya da shebur, na gefe ya koma tsakiya na ƙasa ya dawo sama. Cikin wata biyu zuwa uku a yanayin zafinmu za ku ga ya koma baƙi-baƙi, yana warwarewa a hannu, ƙanshinsa na jiƙaƙƙiyar ƙasa, ba ka iya gane ɓawon me da me aka zuba. Lokacin hunturu yakan ɗan ƙara jinkiri kuma yana saurin bushewa, sai an riƙa leƙawa.

Abin da ba ya shiga rami: nama, ƙashi, kifi, miya mai mai da yawa, don su suke jawo ɓera da kare da mage. Kashin mage da na kare da bayan gidan yara su ma a'a, cuta ce. Maganar ɓera kar a ɗauke ta da wasa, zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969 ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci.

Masu gidan haya da ba su da fili, tsohon duro ko babban bokiti ya wadatar, a huda shi da ƙusa mai zafi ta gefe da ƙasa, a ɗora kan bulo biyu, a bi tsarin nan dai na jerawa. In shi ma ba hali, ku haɗu da mai kiwo ko mai lambu ya riƙa karɓa.

Mataki na huɗu: kayan sayarwa

'Yan gwangwan da 'yan jari bola suna yi wa garuruwanmu aikin da ba a gode musu. Gwangwanin lemo da tsohuwar tukunyar alminiyam narka su ake a zuba sabuwar tukunya da ludayi da madambaci. Ƙarfe ana tarawa a loda a tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe. Fasasshen bokiti da baho da kujerar roba niƙa su ake a injin, a sayar wa kamfanonin roba irin na Sharaɗa da Bompai da Challawa a Kano, su dawo mana a matsayin buta da bokiti da fo a kasuwa irin Ƙofar Wambai. Tsohuwar taya ana yanka guga da igiya da takalmi. Kowanne da kasuwarsa, kuma kowanne da farashinsa, shi ya sa wanda ya kawo su a ware ya fi wanda ya kawo a cakuɗe samun kuɗi.

To ku ware. Alminiyam daban, baƙin ƙarfe daban, jan ƙarfe na tsohuwar waya ko kwayil ɗin fanka daban don shi ya fi duka tsada. In kuna shakka ku sa maganaɗisu, na jikin tsohuwar sifika ma ya isa: in ya kama baƙin ƙarfe ne, in bai kama ba alminiyam ne ko jan ƙarfe ko tagulla, kar ku bari a auna muku su a kuɗin baƙin ƙarfe. Roba kuma ku duba gindinta, sau da yawa akwai 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki. Lamba 1 ita ce gorar ruwa da ta lemo, lamba 2 jarka da robar man shafawa masu kauri, lamba 4 irin ledar fiya wata, lamba 5 bokiti da kujera da murafe. Gora a ɗauraye, a cire murfi a tara shi daban, a taka ta ta lotse don kar ta cinye buhu. Ledar fiya wata a farke ta, a zubar da ragowar ruwa, a shanya, a cusa a buhu a danna sosai, ba ta da nauyi sai an tara da yawa, shi ya sa gara a haɗa ta layi guda. Ku fara tambaya ko akwai mai sayenta a kusa da ku kafin ku tara, don ba kowane gari ake samu ba.

Gora mai kyau wadda ba ta lotse ba masu zoɓo da kunun aya da fura suna saye, amma dan Allah a sayar musu da wadda aka san daga gida ta fito, wadda aka taɓa zuba fetur ko kalanzir ko maganin ƙwari a ciki a huda ta kafin a jefa buhu don kar ta koma bakin wani. Masu sana'ar su ma su wanke da sabulu da burushi, ba ɗauraya kawai ba.

Wajen sayarwa, kar yara su yi ciniki su kaɗai. Maigida ko babban yaro ya tsaya, a ga sikeli ya fara daga sifiri, a tambayi farashin kilo a wuri biyu kafin a saki. Kuma in da hali ku tsayar da mutum ɗaya da kuka sani, kun san inda shagonsa yake, ya riƙa zuwa ranar da aka sa. Dalilina shi ne harkar ta gauraya da ɓata-gari, ana sace murfin kwalbati da wayar wuta da kan famfo, wani yaron ma har tukunyar uwarsa yake ɗauka ya kai saboda ya ga ana ba da kuɗi nan take. Kuma ku ja kunnen yara kar su taɓa wani ƙarfen da ba su san ko mene ne ba, a jihar Borno sai da gwamnati ta hana yawon tsintar ƙarafa a 2023 saboda rayukan da ake rasawa a dazuka.

Tsofaffin kaya na sawa masu kyau a bayar, akwai mabuƙata a kowane layi. Waɗanda suka mutu a yi tsumman goge-goge ko gammo ko a cusa a matashi. Takardu masu ayoyi ko sunan Allah, tsofaffin littattafan Islamiyya da kalanda, kar su shiga buhun kwali balle su ƙare a hannun mai ƙosai, a ware su a ƙona a wuri mai tsafta a binne tokar, ko a kai wa malamin makaranta ya san yadda zai yi da su.

Mataki na biyar: kayan haɗari

Wannan kar a yi masa ganganci. Reza, allura da sirinji na masu ciwon suga ko wanda aka yi wa allura a gida, a jefa su a gwangwani ko jarka mai kauri, in ta kusa cika a rufe a naɗe da salatif, a kai asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a roƙe su su haɗa da nasu. Ku tuna akwai yaran da suke tona bola da hannu ba safa ba takalmi. Fasasshen gilashi a naɗe a kwali ko tsumma mai kauri kafin a sa a shara. Dogon ƙwan lantarki da irin mai murɗaɗɗen nan akwai sinadarin makuri a ciki, kar yara su fasa don wasa, in ya fashe a ɗaki a buɗe taga a fita na ɗan lokaci sannan a kwashe da kwali.

Yawancin batiran mota da na sola da na inbata gubar dalma ce a ciki da ruwan asid. A mayar wa mai sayar da batir a yi musaya a cika kuɗi, kar a fasa a gida, kar a zubar da ruwansa a kwata, kar a narka dalmar a tukunya a tsakar gida. Mun ga abin da dalma ta yi a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu, can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito amma gubar ɗaya ce, kuma yara ƙanana ta fi kamawa, wanda ya tsira ma tana iya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ƙananan batiran tocila da rediyo su ma kar a jefa a wuta ko ramin taki, kar a bar yaro yana fasawa yana wasa da baƙin cikin.

Jarkar maganin feshi ta gona a ɗauraye sau uku a juye ruwan a cikin injin feshin, sannan a huda ta. Kar a ce ai an wanke bari a zuba man gyaɗa ko ruwan sha, ba ta wankuwa. Gwangwanin feshin sauro da na turare ba a jefa su a wuta, fashewa suke. Baƙin man janareto a tara a jarka a kai wa bakanike, kar ya shiga kwata ko kusa da rijiya. Maganin da ya lalace a cire daga kwalinsa, a cakuɗa da ƙasa ko toka a ƙulle a leda yadda ba mai sha'awar ɗauka, ko a tambayi mai kemis ko yana karɓa.

Famfas da audugar mata: a juye bayan gidan a masai tukuna, a naɗe, a ƙulle a leda, a sa a buhun bola. Kar a jefa a masai mai ruwa yana toshe bututu, a na rami kuma yana cika shi da wuri ya ba masu yasa wahala.

Sai ƙona shara. Na san wani zai ce to in ba mota ba bola ya za mu yi. Busasshen ganye dai ga ramin taki, kwali ga mai saye, in kun bi matakan nan abin da ya rage kaɗan ne. Hayaƙin leda da roba da taya guba ne, shi ne wannan da yake kwanciya a unguwa da magariba lokacin sanyi, mai asma ya kwana yana tari, jariri yana shaƙa. Kuma uwar gida, dan Allah ki daina hura gawayi da leda, ga ɓawon rake busasshe ga kwali ga ƙirare.

Mataki na shida: rage shigowar leda tun farko

Jamhuriyar Nijar ta yi dokar hana leda tun 2014, Ruwanda tun 2008, Kenya a 2017, Legas kuma ta hana robar tekawe ta soso a 2024. Doka dai ga ta nan, amma a gida abin da zai yi aiki shi ne a ba ɗan aike jaka ko kwando in za shi cefane, kwano mai murfi in za shi sayen koko ko waina ko wake da shinkafa, kwalba in za shi sayen mai. Zuba abinci mai zafi a baƙar leda ma dama ba alheri ba ne ga lafiya. Ledar da ta shigo mai kyau a ninke a adana a sake amfani da ita.

Mataki na bakwai: haɗa kan layi

Gida ɗaya ba zai iya ba, in kai ka gyara maƙwabcinka yana juyewa a kwata ruwan gidanka zai shigo. Amma kar ku fara da unguwa gaba ɗaya, ku fara da layinku, gida ashirin zuwa arba'in. Mutum biyu ko uku su je wajen mai unguwa su gaishe shi su yi masa bayani, don duk abin da ba da saninsa ba in rigima ta taso ba mai raba ku. Daga nan liman, a roƙe shi ya yi 'yar nasiha bayan sallar isha'i ko asuba, ai hadisi ne sananne cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Sannan lallai a sa mata a ciki, ta hanyar malamar Islamiyya ko uwar adashi ko wata dattijuwa da ake jin maganarta, su ne suke riƙe da sharar tun daga tushe, duk kwamitin da maza suka zauna a ƙofar masallaci suka yanke ba a shiga gida an faɗa ba wata biyu ba zai kai ba.

A zaɓi mutum uku kawai: mai karɓar kuɗi, mai rubutawa, mai bin aiki. Kar mai karɓa ya zama shi ne mai rubutawa. A yanke abin da kowane gida zai bayar daidai ƙarfin mutane, misali in gida arba'in ne kowa ya ba da naira 500 a wata an samu 20,000, masu shago da mai shayi da mai wankin mota su ɗan ƙara don sharar su ta fi yawa, gidan marayu da tsofaffi marasa ƙarfi a ɗauke musu. Duk ƙarshen wata a karanto abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban jama'a ko a tura hoton littafin a guruf ɗin WhatsApp na layi. Rashin wannan bayanin shi yake kashe yawancin ƙungiyoyin unguwa, da an fara ƙus-ƙus ɗin ina kuɗinmu to magana ta ƙare.

Da kuɗin a ɗauki matashi ɗaya ko biyu 'yan layin, a saya musu baro ko kura, shebur, manjagara, safar hannu mai kauri, takalmin roba da takunkumi. A sa rana biyu a sati, misali Talata da Asabar da safe, kowane gida ya fito da buhunsa ƙofa. A yi yarjejeniya ƙarara a kan inda za su kai, wato wurin da hukuma ta ware, a Kano hukumar REMASAB ce take da alhakin kwashe shara, sauran jihohi ma kowace da tata, ku je ofishinsu ko sashen lafiya na ƙaramar hukuma ku tambayi matattara mafi kusa da ranar da mota take zuwa, ku karɓi lambar wanda za ku riƙa kira. Mai bin aiki ya riƙa binsu lokaci-lokaci ya tabbatar can ɗin ake kaiwa, ba kangon wani ko bakin makabarta ko kwarin Jakara ba. Wannan ya fi a miƙa wa almajiri ɗan shekara takwas bokitin da ya fi ƙarfinsa da naira hamsin, yaron nan ba zai iya kaiwa bola ba, yana shan kwana zai juye, kuma alhakin ba nasa ba ne.

Gora da ledar fiya wata da kwali na layin gaba ɗaya a samu wani zaure ko shago da ba kowa a riƙa tarawa, in ya yi yawa a kira dila ya zo da sikelinsa, farashin mai yawa ya fi na ɗan tsinta-tsinta. Kuɗin ko a ƙara wa yaran da suke aikin, ko a sayi kayan aiki, amma a rubuta. Kar a bar wurin ya daɗe ba a kwashe ba, kuma gora ta kasance a rufe ko a kife don ruwan da ya taru a ciki gidan sauro ne.

Yasar kwata kuma kar a jira ruwa ya sauka. A sa gayya a watan Afrilu ko farkon Mayu, a fara daga ƙasa inda ruwan yake fita a yo sama, in aka fara daga sama duk dagwalon kan na ƙasa zai taru. Abin da aka fitar a bar shi kwana ɗaya ko biyu ya tsane don ya yi sauƙin ɗauka, amma a tabbatar an shirya baro ko motar da za ta kwashe tun kafin a fara, don sau nawa ake yashe kwata a jibge a bakinta, ruwan farko ya zo ya mayar da shi inda ya fito. Asabar ɗin ƙarshen wata da ake hana zirga-zirga da safe a Kano don tsaftar muhalli dama ce, maimakon a kwanta barci har ƙarfe goma a fito a yi awa ɗaya.

Wanda ya ƙi biya ko aka kama yana zubarwa a kwata, kar matasa su je su yi masa hayaniya a ƙofar gida. Dattijo ɗaya ya same shi shi kaɗai, in bai ji ba a kai wa mai unguwa, in abin ya ci tura akwai duba-gari.

Lokacin babbar sallah a ƙara shiri na musamman don sharar ranar ta fi ta kowane lokaci wari. Tun ana jibi sallah kowane gida ya haƙa ɗan rami inda za a yi yanka jinin ya shiga a rufe da ƙasa, abin cikin tumbi a kai ramin taki a rufe shi da busasshen ganye da ƙasa mai yawa, ƙaho da kofato a tara a buhu daban, fata kuma a sa mata gishiri a miƙa wa masu karɓa tun ranar kafin ta fara wari. Masu baro a yi musu ihisani na daban su fito washegarin sallah da rana ta uku, don ranakun nan ma'aikata da yawa suna hutu.